Hannun Mai Agogo

SHAFI NA 19

"A'a, Manaja, tsaya. Ni na haife ka ko kai ka haife ni? To bari in kai ƙarshen maganata."

Iya ta raɓe jikin bango don mai kura ya wuce da kayansa, waya manne a kunne, jaka a hammata.

"Gidan ƙanwata ba gudu zai yi ba, zan je. Na ce maka biyawa na yi in sayi abu. Eh, shi. Abin tururin nan da ake ja a madadin taba."

Ta ɗan janye wayar daga kunne, don muryar babban ɗan nata ta fara hawa sama. Tun ranar da aka ba shi kujera mai juyawa a kamfani ta laƙaba masa Manaja, kuma in ta faɗa ba ka gane yabo ne ko zagi.

"Na ji. Hayaƙi da tururi duk ɗaya ne a wurinka, kai da ke kwana a wani gari. Ni ke kwana da tarin nan. Ni ke share guntayen taba a bayan tankin ruwa. Likita ya ce ya daina? Ai ya daina. A gaban likita ya daina, a gabanka ya daina. Bayan tanki ne kawai labarin bai kai ba."

Ta saurara kaɗan.

"Waɗanda ka aiko? Na robar nan masu kalar alewa? Suna durowa, ko ledarsu ba a ɓare ba. Cewa ya yi abin da ba a kwancewa a ga cikinsa ba zai shiga bakinsa ba. Ubanka ne fa. Rediyo ma sai ya ga hanjinta yake yarda ta yi magana a gidansa."

Ta tsaya a ƙofar wani ɗan shago mai gilashi, tsakanin mai aski da mai sayar da cazar waya.

"Makaniken layinmu ya ce akwai wanda mutum ke haɗawa da kansa, ya naɗa ƙarfe, ya sa auduga. Shi zan saya. Mutum ya ƙare rayuwarsa a gyaran agogo, ya rufe shago, ya dawo gida ya cusa hannu a hammata, me kake so hannun ya nema in ba taba ba? Aiki zan ba hannun. Kai dai je ka yi manajancinka."

Ta kashe. Ba ta iya karatu ba, amma jan maɓalli bai taɓa ɓace mata ba.

Shagon na ƙamshi kamar an dafa alewa an manta da ita a wuta. A bayan kanta wani mutum ne mai ƙaton ciki da furfura a gemu, farin tururi na fita ta hancinsa. Yana ganinta ya yi maza ya kaɗa iska da hannu.

"Sannu da zuwa, Iya. Ɓatan hanya kika yi? Mai turare yana gaba."

"Da turare nake nema, da ban shigo inda ake gobara ba. Kai ne Mai Tururin?"

"Ni ne."

"Wanda ake kwancewa a haɗa nake so."

"Na jika ne?"

"Na mijina. Jikokina ko haƙori ba su gama ba."

"Yana shan taba?"

"Tun uwarka na goyonka."

Ya yi dariya har cikinsa ya motsa kantar. "To shi ke nan. Wanda bai taɓa sha ba korarsa nake yi. Kuma in gaya miki tun yanzu, ni ba magani nake sayarwa ba."

"Ni ma ba asibiti na shigo ba. Fito da kaya."

Ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle a kan gilashi, ya jera ƙananan abubuwa na ƙarfe, kowanne bai wuce babban yatsa ba.

"Waɗannan su ne kawunan da ake ɗaurawa a kan batir. Iri biyu ne. Wannan ba shi da tanki, ɗiga masa ruwa ake yi a kan auduga, a ja kaɗan a sake ɗigawa. Wannan kuwa mai tanki ne, a cika shi da safe a manta da shi."

"Wato ɗaya jinjiri ne, ɗaya an yaye shi."

"Haka. To a masu tankin ma, akwai mai koyil ɗaya, akwai mai biyu. Koyil shi ne wannan zaren ƙarfen da ake naɗewa, shi ke ɗaukar zafi ya mai da ruwa tururi. Mai biyu sai sun zo daidai da juna kamar tagwaye, in ɗaya ya riga ɗaya yin ja, ƙauri mutum zai ji a maƙoshi." Ya tura mata ɗaya da yatsa. "Ɗan koyo, wannan. Koyil ɗaya, ramuka manya, noti manya. Iskarsa a matse take, jansa kamar jan sigari, wanda ya fito daga taba ba zai ji baƙunta ba."

"Ɗan koyo," Iya ta maimaita, kamar an miƙo mata ruɓaɓɓen abu. "Ka san wa za a kai wa?"

"Kin ce maigida."

"Mutumin da ke buɗe agogon mata, irin ƙaramin nan kamar maɓallin riga, ya ciro gashin ƙarfen da ke ciki da hantsaki, ya miƙar da shi, ya mayar, agogo ya ci gaba da tafiya kamar ba a taɓa shi ba. Shi zan kai wa mai notin babbar mota? Ya ce na raina shi? Ɗauko min wancan."

Ta nuna wani siriri a kusurwar gilashi, mai koyil biyu, wanda sai ka ƙanƙance ido za ka ga notinsa.

Mai Tururi bai miƙa hannu ba.

"Agogo kika ce?"

"Kunnen ma tururi ya shiga?"

"Dogo ne? Siriri? Akwai ɗan zagayen tabo a idonsa na dama?"

Iya ta sauke jakarta a kan kanta a hankali. Tabon gilashin da mijinta, Mai Agogo, ke maƙalawa a ido ne in yana aiki. Shekaru ne suka zana masa shi.

"A ina ka san shi?"

"Ban san shi ba. Kama ce kawai, mutane suna kama."

"Ɗan nan, maza na raina. Na san fuskar namiji in ya haɗiye magana ta tsaya masa a wuya. Tofo ta."

"Alkawari na yi, Iya."

"Da ni?"

"A'a."

"To ni ba ka saɓa min ba. Tofo."

Ya dubi ƙofa, ya dubi sili, ya shafa gemu. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya ciro wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin kanta, ya zazzage shi a kan baƙin ƙyallen. Guntayen zaren ƙarfe ne. Wasu a lanƙwashe, wasu a murɗe kamar tsutsar da aka taka. Babu ko ɗaya da ya yi kama da na cikin gilashi.

"Ya zo nan. Ba sau ɗaya ba. Ranar farko shi ma wancan siririn ya nuna, da irin yatsan da kika nuna. Ya zauna a kujerar nan, ya ciro gilashinsa daga aljihu ya maƙala a ido. Na ce a raina yau zan ga gwani. Ya ɗauki sukundireba."

Ya tura guntayen ƙarfen gefe da yatsa.

"Ina jinka."

"Iya, bakin sukundireban a kan gilashin nan, kamar kaza na tsattsagar faranti. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya kama hannun dama da na hagu don ya tsayar da shi. Sai duka biyun suka ɗauka."

Iya ta dubi guntayen ƙarfen da ke kan ƙyallen.

"Na sauko da shi zuwa mai sauƙin. Wannan da kika raina. Ga rami kamar ƙofar gareji, ya yi ta auna shi da ƙarfen, ƙarfen na wucewa ta gefe. Har ya soke yatsa, jini ya ɗiga a ƙyallen nan. Na ce Baba bari in haɗa maka, ba sai ka ba ni komai ba. Ya ce in wani ne zai haɗa, me ya raba shi da na roba? Ya ce in ajiye masa waɗannan, zai dawo ranar da hannun ya huta."

"Ya dawo?"

"Ya dawo. Hannun bai huta ba."

"Me kuma ya ce?"

"Ya ce kar kowa ya ji. Ya ce matarsa zato take kasuwa ce ta mutu, mutane sun koma duba lokaci a waya." Ya mai da guntayen cikin gwangwani. "Ya ce ba ta da mugunta, baki ne kawai Allah ya ba ta da yawa."

"Wannan kam bai yi ƙarya ba," in ji Iya. Muryar ba tata ba ce.

Ta jawo kujerar ta zauna.

Abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta kira su ba. Gemun da ya bari ya fito, shi da ke aske fuska kullum safiya, ta ce masa tsufa ya zo da sabon salo. Rigunan maɓalli da ya daina sawa, ya koma na zurawa ta ka. Shayin da ya ce a daina cika masa kofi, wai ɓarna ce, kuma ba ya taɓa shi sai ta tashi ta shiga kicin. Agogunan bango da ake yi wa wani da makulli, waɗanda ya bari suka tsaya, wai ƙararsu na hana shi barci, mutumin da a cikin ƙarar nan ya yi furfura. Da gefen gashin bakinsa da ta gani a babbake, ta yi masa tsiya har da tafi.

Ashana ce ba ya iya ƙyastawa. A kan murhun gas yake sunkuyawa ya kunna tabar.

Ita kuma kullum: Malam, fito da hannu daga hammata mana, ƙwai kake ƙyanƙyashewa?

Ta goge hanci da bakin mayafi, ta ce turaren shagon ne ya yi mata yawa. Mai Tururi ya ce haka ne, mutane da yawa yana yi musu haka.

"Kawo mai notin babbar motar."

"Iya, ko shi ɗin..."

"Ban tambaye ka ba. Kawo. Ka kawo ƙarfen, ka kawo abin murɗawar. Matso da fitilar nan."

"Ke za ki..."

"Hannun nan ya zira zare a allura tun ba a san da kai ba. Rami ne dai da ƙarfe. Nuna min."

Ya nuna mata. A kama zaren ƙarfe a jikin sukundireba da babban yatsa, a naɗa, kowane zagaye ya kwanta a jikin ɗan'uwansa, kar ya hau shi. Na farko ya zame mata. Na biyu ya hau kan juna. Ta ce ƙarfen ne ba shi da tarbiyya. Na uku ya fito sumul, ta zura ƙafafunsa a ramukan kamar ta saba.

"Iya, da wasa da wasa za ki ƙwace min sana'a."

"Allah ya kiyaye. Saura me?"

Ya ɗauko wani ɗan akwati mai fuskar gilashi. "Kafin a sa wuta sai an ɗaura shi a kan mitar nan. Za ta nuna lamba. In lambar ta faɗi ƙasa da wadda zan gaya miki, ko ta nuna ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ba a kunnawa. Batir ba ya wasa, zai iya ɗaukar zafi ya yi ɓarna. Wannan ba a tsallake shi."

Iya ta leƙa. Wasu jajayen zane na ƙyaftawa.

"Agogo mai hannu na sani, ko daga barci aka tashe ni. Wannan kuwa da sawun kiyashi duk ɗaya ne a wurina."

"To akwai matsala."

"Babu. Akwai mai karanta min a gida. Idonsa ai ba ya rawa. Ƙunshe min duka, har da mitar."

Da za ta fita ya kira ta. "Gwangwanin fa?"

"Ajiye masa. Ai ya ce zai dawo."

Ba ta je gidan ƙanwarta ba.

Rana na tsaka ta tura ƙofar falo. Mai Agogo yana zaune a kujerarsa ta jikin taga, ƙarƙashin agogunan da kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Ya zabura da ya gan ta. Hannayen suka koma hammata.

"Ba wuni kika ce za ki yi ba?"

"Na fasa. Surutunta ya yi min yawa tun kafin in je."

Ta lura da rigar fita a jikinsa, da takalmi sau-ciki a ƙafa, amma zuciyarta na kan abin da ta ƙullo a hanya. Ta jawo ƙaramin tebur gabansa, ta zazzage ledar.

Ya dubi kayan.

"Raina ni aka yi yau, Malam. Wani mai ƙaton ciki. Na ce ya ba ni abin tururin da ake haɗawa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba aikin mata ba ne, balle tsohuwa. Na rantse sai na haɗa shi na kai masa ya gani."

"Ke da rantsuwa."

"Kai dai ka gaya min yadda ake irin wannan aikin, tunda ƙarfe ne da noti. Amma kar ka taɓa min. Ko da ɗan yatsa. Da hannuna na rantse."

Ya daɗe yana kallonta. Ita kuma ta duƙufa neman bakin zaren ƙarfe kamar shi ne ya fi komai wuya a duniya.

"Ba haka ake riƙe sukundireba ba," ya ce a ƙarshe. "Wannan ai riƙon muciya ne."

"To yaya?"

"Yatsa ɗaya a kansa, biyu su juya. Matso da tebur wajen haske. Shimfiɗa farin ƙyalle, in noti ya faɗi ki gan shi. Wa ke aiki a kan tebur tsirara?"

Ta shimfiɗa. Ta naɗa ƙarfen, da gangan ta bar zagaye ɗaya ya hau ɗan'uwansa.

"Warware! Ba ki gani ba? Ya hau. Sake."

Ta sake.

"Yawwa. Zura ƙafar. Ɗaga shi kaɗan, kar ya taɓa ƙasa. To ɗaure. A hankali! Noti ba a ɗaure shi da fushi. Ki saurare shi a yatsa, in ya ce ya isa, ki tsaya."

"Noti ma magana yake?"

"Ya fi ki iya magana, don shi ya san inda ake tsayawa."

Ta danne dariya. Rabon da ta ji wannan muryar tun shago na buɗe, lokacin da yake tsaye a kan masu koyo yana hana su numfashi kusa da agogon mutane. Ya sunkuyo har gemunsa na taɓa tebur. Hannu ɗaya ya fito daga hammata ya manta, yana nuni, yana rawa a iska kamar ganye. Iya ta kafe ido a kan noti.

"Yanke ragowar ƙafar. Ɗora a mita."

Ta ɗora. "Me ta ce?"

Ya karanta lambar. Ta yi daidai da wadda Mai Tururi ya sa ta haddace.

"Lafiya lau. Ɗaura a batir, ki danna kaɗan kaɗan mu gani."

Ta danna. Ƙarfen ya fara ja daga tsakiya, jan ya bazu zuwa gefe biyu a tare.

"Kin gani? Daga ciki zuwa waje. Haka ake so." Ya gyara zama. "Bar shi ya huce. To audugar. Ta yi yawa, shaƙe shi za ki yi. Rage. Ki ja ta, ta wuce da ɗan gardama, ba ta zame ba, ba ta cije ba."

"Kamar zama da kai."

"Kamar zama da ke dai."

Ta jiƙa audugar, ta rufe, ta cika tanki. Ta ajiye abin a tsakiyar farin ƙyalle, yana sheƙi.

"To. Na fita rantsuwa. Ɗanɗana min, ni ba zan sa wannan a bakina ba."

Ta tashi ta juya baya, wai tana gyara labule.

Ta ji ya ɗauka. Ta ji ƙarfen ya bugi tebur sau biyu kafin ya rabu da shi. Sannan ta ji wata ƙaramar ƙara, ƙas ƙas ƙas, bakin abin na bugun haƙoransa. Ta riƙe labulen da hannu biyu. Babu abin da ya sami labulen.

Dogon ja. Shiru. Ƙamshi ya cika falon. Ya yi tari ɗaya, ƙarami.

"Ya yi," ya ce. "Ba ƙauri."

"Ai na gaya wa mai cikin."

"Ya nuna miki gwangwanin?"

Labulen ya tsaya a hannunta.

"Wane gwangwani?"

"Ban taɓa cewa a sa a mita ba sai da na ga kin ajiye ta kusa da hannuna. Ban gaya miki zagaye nawa ba, kika tsaya daidai. Ke da ƙarya ba ku taɓa dacewa ba, kina yi kina taɓe baki."

Ta juyo. Ya ajiye abin a cinya, ya bar hannayen a fili, a kan gwiwa. Karo na farko ta gan su sosai. Suna ta yi, kamar suna ƙirga wani abu da ba ya ƙarewa.

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun kafin in rufe shago. Agogon wata mata na ɓata. Na ce mata ruwa ne ya shiga."

"Ni kuma ka ce min kasuwa."

"Ke kuma na ce miki kasuwa."

"Da ka faɗa, da na rage baki."

"Shi nake gudu. In kika rage baki, na san na mutu."

Ta dawo ta zauna a gefen tebur. Ta miƙa hannu za ta kama nasa, ya janye.

"Akwai saura," ya ce. "Zauna da kyau."

"A zaune nake."

"Babban ɗanmu ya sani. Shi ya kai ni asibiti, lokacin da muka ce miki gwajin gilashin ido za mu je. Likita ya ce abin nan ba ya komawa baya. Magani na rage shi, ba ya tsayar da shi. Yau noti ne. Gobe cokali. Jibi mazagin wando."

"To?"

"Akwai wani gida a garin da yake aiki, kusa da asibiti. Ana kula da irinmu. Akwai masu ba mutum abinci, masu yi masa wanka. Aikinsu ne, ba su san ka da can ba, ba su san me hannunka ya taɓa yi ba."

Sai yanzu idonta ya koma kan takalmin. Sau-ciki, mara igiya. Rigar fita. Ta bi ƙafar kujera da kallo. A bayanta, jikin bango, ƙaramar jakar tafiya ce, zif ɗinta a buɗe rabi, don ba a iya ja shi ya kai ƙarshe ba.

"Yaushe?"

Ya kau da kai wajen taga.

"Malam. Yaushe?"

"Cewa kika yi za ki wuni."

"Wato in dawo da yamma in tarar da kujera."

"Zai kira ki ya yi miki bayani. Ni na roƙe shi. Kar ki ga laifinsa."

"In tarar da kujera," ta sake faɗa, "da agogunan da ba sa tafiya."

"Ba na so ki ga abin da ke zuwa."

"Me ya rage a jikinka da ban gani ba?"

"Wannan daban ne."

"Na wanke maka amai lokacin shawara. Na cire maka ƙaya a inda ba a faɗa. Cokali ne zai..."

"Ba ke ce ba za ki iya ba!" Muryarsa ta fashe. "Ni ne. Ni ne ba zan iya buɗe baki kina zuba min ba. Ki bar ni in tafi da ɗan abin da ya rage."

Wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka. A daidai lokacin aka danna hon a ƙofar gida, sau biyu, irin na direban da aka gaya wa kar ya daɗe.

Mai Agogo ya dafa hannun kujera ya miƙe. Ya sunkuya ya kama jakar. Hannun jakar na ƙarfe ya shiga kaɗawa a yatsunsa. Abin tururin kuwa bai bar shi ba, yana ɗaya hannun, ya matse shi a ƙirji.

Iya ta riga shi isa ƙofa. Ba ta san tana da wannan saurin ba. Ta murɗa makulli, ta zare, ta ɗaure shi a haɓar zaninta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Ya dubi ƙullin. Ya dubi hannunsa. Ya tsaya a tsakiyar falo.

Sannan ta ɗauki wayar.

"Na'am, Manaja. Eh, ina gida. Na ji hon ɗin, ba kurma ba ce ni. Ashe kana cikin motar ma. Sannu da hanya."

Ta saurara.

"Na san shi ya roƙe ka. Shekara nawa ya yi yana roƙon a bar shi da taba, ka bar shi?"

Ta saurara.

"Ƙwararru. To. Sun san ba ya shan shayi in ana kallonsa? Sun san wane gefe yake kwanciya in tarin ya taso? Audugar abin nan kwana kaɗan take yi a canza ta, cikin ƙwararrun naka wa zai zauna yana naɗawa ubanka na yi masa tsawa?"

Muryar cikin wayar ta yi sama, har Mai Agogo na jiyo ta daga inda yake tsaye. Hon ya sake tashi. Aka fara taɓa ƙofar falo daga waje.

Iya ta jingina bayanta da ƙofar falo. Hawaye na bin kumatunta, amma muryar ko gezau.

"Ba sai ka ɗaga murya ba, ɗan nan, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu. Ubanka na nan, da takalminsa da jakarsa. Makulli kuma na ɗaure shi a haɓar zanina. In ka isa, shigo ka kwance da hannunka."